Turken ja da turken fari



Tun ranar da wani abokina ya saka hotona a nan riƙe da sandar golf ban huta ba. Wani ya ce ɗan Magami ya waye. Wani ya ce duk ranar da aka ga ma'aikacin gwamnati a filin ƙwallon lambu, to a je a binciki asusun ofishinsu. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wanda ya tambaya ko sandar ta korar awaki ce. Na ji, na kuma yafe. Don hankalinku ya kwanta: sandar ta aro ce, takalmin ma na aro ne, kuma ƙwallo uku na ɓatar cikin ciyawa kafin a ce mini in koma gefe in yi kallo. Kos aka tura mu na mako biyu a wani gari, sai wani tsohon maigidana da ya yi ritaya a can ya ja ni filin wata Asabar da safe.

Amma akwai abin da na gani a wurin da har yau yake cina, kuma ya shafi garinmu fiye da yadda ya shafi masu wasan. Rubutun zai yi ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Su huɗu ne suke wasa. Ɗaya daga cikinsu babban mutum ne, irin waɗanda in sun yi tari ake cewa sannu. Ya buga ƙwallonsa ta je ta jingina da wata gorar roba da wani ya sha ruwa ya yar cikin ciyawa. Yaron da ke ɗaukar masa jakar sanduna, wanda suke kira kadi, ya zo ya soka ɗan tsinke kusa da ƙwallon, sannan ya zare gorar a hankali. Yana zarewa ƙwallon ta gangara kamar taƙi ɗaya, ta fita daga cikin dunƙulen ciyawa ta tsaya a wuri mai kyau, tas. Mutumin ya gyara tsayuwa zai buga. Sai yaron nan, wanda bai fi shekara 17 ba, ya ce, "Yallaɓai, sai an mayar da ita inda take." Ya ɗauka ya mayar da ita cikin dunƙulen ciyawar nan. Ba wanda ya ce uffan. Mutumin ya buga, ƙwallon ba ta yi nisa ba.

Can gaba kuma, ƙwallonsa ta tsaya dab da wani farin turke a gefen fili, yadda in ya ɗaga sanda sai ta doki turken. Ya sa hannu ɗaya ya tsige shi kamar an zare rogo daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Maigidana ya ce masa, "Alhaji, mayar." Ya ce yaya za a ce ya mayar, ba ɗazu a bakin tafki an tsige turke an ajiye gefe ba? Maigidana ya ce, "Wancan ja ne. Wannan fari ne." Ya tsaya yana huci, sannan ya mayar da turken raminsa, ya karkace ya buga a haka.

Ni dai a ido, itacen ɗaya ne, tsayin ɗaya, fenti ne kawai ya bambanta. Da na koma masauki na buɗe dokokin a waya na karanta har bayan sha biyun dare.

Ƙungiyoyi biyu ne suke tsara dokokin wasan ga duniya duka, R&A da ke St Andrews a Sikotland da USGA ta Amurka. A 2019 suka sake musu fasali, suka rage su daga 34 zuwa 24, a 2023 suka ƙara ta 25 saboda masu buƙata ta musamman. Ginshiƙin wasan shi ne ka buga ƙwallo yadda ka same ta, a inda ka same ta. Duk sauran sassauci ne da aka yi wa wannan ginshiƙi, kuma doka ta 15 ita ce ta yi maganar abin da ya tare maka hanya.

Ta raba shi gida biyu. Akwai abin da Allah ya halitta wanda yake sake a ƙasa, kamar tsakuwa, busasshen ganye, karyayyen reshe, kashin dabba. Kana iya kawar da shi, amma in garin kawarwa ƙwallonka ta motsa, an ci ka tarar bugu ɗaya, sai fa in a dandalin rami ne ko wurin bugun farko. Sannan akwai abin da ɗan Adam ya ƙera wanda za a iya ɗagawa ba tare da wahala mai yawa ba, kuma ba tare da an lalata shi ko an lalata filin ba: gora, leda, gwangwani, manjagarar da ake share yashi da ita, jan turke ko rawaya da ke nuna bakin ruwa. Wannan ka ɗauke abinka kyauta a ko'ina cikin fili. In ƙwallon ta motsa babu tara. Sai dai dole ka mayar da ita daidai inda take, in ba ka san daidai wurin ba ka kintata da gaskiya. In ka buga daga sabon wurin, bugu biyu ne a kanka, in kuma wasan na mutum da mutum ne ka rasa ramin gaba ɗaya. In a cikin abin ko a kansa ƙwallon ta tsaya, misali ta faɗa kan shimfiɗaɗɗen tawul, sai ka ɗauke ta, ka janye abin, ka sake ta daga tsayin gwiwa cikin tazarar sanda ɗaya, ba kuma ta inda za ta ƙara kusa da rami ba.

Abin da ba ya ɗaguwa, kamar kwalta ko famfon ban ruwa, dokarsa daban ce, ta 16. Nan kai ne za ka matsa, zuwa wuri mafi kusa da ka kuɓuta daga abin, ko da wurin ya fi na farko muni. Ba ka da zaɓin wuri mai daɗi.

Sai farin turke. Shi ne yake nuna iyakar fili. Dokar ta ce shi ba ya cikin abubuwan da ake kira cikas ko kaɗan, ko da yaro ɗan shekara biyar zai iya tsige shi. Ba ka taɓa shi, ba a kuma ba ka sassaucin komai a kansa. Ko ka buga a takure, ko ka yarda da tarar bugu ɗaya ka matsa. Abin da ya ƙara burge ni, sun bar ƙofar tuba: in ka tsige cikin rashin sani ko son zuciya, ka mayar da shi yadda yake kafin ka buga, babu laifi a kanka. Abin da Alhajin nan ya yi ke nan.

Kar ku ɗauka jiya aka fara wannan gardama. Dokokin farko da aka rubuta a 1744 a Leith, kusa da Edinburgh, guda 13 ne kacal, kuma ɗaya daga cikinsu a kan duwatsu da ƙasusuwa da karyayyun sanduna take, wato inda aka yarda a kawar da su da inda ba a yarda ba. Mu ma nan wasan ba baƙo ba ne yadda muke zato. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan kuza, na Kaduna tun 1921, na IBB a Abuja ne ɗan baya, 1991. Kuma da yawan ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara, shi ya sa sau da yawa yaron da ke bayanka ya fi ka sanin doka.

Ba zan ce muku dokar ba ta da rami ba. A 1999, a gasar Phoenix Open a Amurka, ƙwallon Tiger Woods ta tsaya bayan wani ƙaton dutse a rami na 13. Alƙalin wasa ya ce tunda dutsen bai nutse cikin ƙasa ba, hukuncinsa hukuncin tsakuwa ne. 'Yan kallo suka taru suka mirgina masa shi gefe, ya buga abinsa. Doka ta yarda. Amma ɗan wasan da ba kowa ba, wanda mutum uku ne suke binsa, wa zai tura masa dutse? Da na ga bidiyon sai na ce wannan ai namu ne, mai mutane shi ke da hanya. To amma ko shi ɗin, dutsen aka matsar, ƙwallon tana nan inda ta faɗi. A ɗaya gefen kuma akwai Brian Davis, ɗan Ingila, a 2010 a Harbour Town. Yana karon raba gardama da Jim Furyk, bai taɓa cin gasa a wannan babban rukuni na Amurka ba, sandarsa ta shafi wani busasshen kara lokacin da ya ɗaga ta, abin da sai da aka rage gudun bidiyo aka gani sosai. Shi da kansa ya kira alƙali ya kai ƙarar kansa, aka ci shi bugu biyu, kofin ya tafi. Dokar da ta kama shi ma an soke ta a 2019.

Yanzu ku biyo ni gida.

Duk wanda ya tashi a Magami ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, in ya kai shekaruna, ya san burtali. Hanya ce mai faɗi da aka bari tsakanin gonaki don shanu su wuce zuwa mashaya da makiyaya, an dasa aguwa gefe da gefe. A wasu wuraren akwai turakun siminti na hukuma. Muna yara mun bi ta da ƙafa, faɗinta ya isa garke ya wuce ba tare da saniya ta kai baki ga dawar kowa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965. Wato an san da iyakar, an kuma shata ta.

Aguwa kuwa ba ta da wuyar cirewa. Sara biyu da fartanya ta faɗi. Kuma haka aka yi ta yi. Bana a ci kunya biyu, baɗi a ƙara uku. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce zai toshe burtali, kowa ɗan taƙi ya matsa, kowa kuma yana da hujja: iyali sun ƙaru, ƙasa ta gaji, maƙwabci ma ya matsa nasa. Daga sama kuma aka riƙa yanka dazuzzuka da makiyaya ana raba wa masu hali gonaki da takarda da hatimi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da filin noma a karkara, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san amana da alƙalami ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba.

Zan faɗi wadda ta shafe ni, don kar a ce na iya nuna yatsa. Gonar gidanmu tana bakin burtali. Wata shekara na je hutu na tarar aguwar gefenmu ta matsa ciki, an dasa sabuwa. Na yi wa Baffa magana a hankali bayan sallar isha'i. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mi kas sani? Kowa ya matsa, mu kaɗai munka zan wawaye? Wanga wuri ko shanun ba su biyo shi yanzu." Na yi shiru. Ina da digiri, ina karɓar albashin gwamnati, na san abin da aka yi ba daidai ba ne, amma buhun da aka aiko mini da kaka na karɓa, na kuma ci. Yaron nan mai ɗaukar jaka, wanda abincinsa na ranar yake hannun Alhaji, ya iya buɗe baki. Ni ban iya ba.

Kafin wani ya hau ni a ƙasan rubutun nan: ban ce toshe burtali ya halatta jinin kowa ba. Wallahi ban ce ba. Wanda ya ɗauki bindiga ya tare hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau, ya sace mata, ya sa wa manomi haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, ɗan ta'adda ne, kuma abin ya daɗe da wuce rikicin manomi da makiyayi ya zama sana'a. Mu da muke bin hanyar nan da addu'a a baki, muke jiran rakiyar jami'an tsaro, muka binne 'yan uwa, ba mu buƙatar a koya mana wannan. Su ma makiyayan sun tsallake nasu iyakokin, an sha sakin shanu cikin amfanin da ba a kwashe ba da gangan. Abin da nake cewa shi ne wutar nan ta samu busasshiyar ciyawa a ƙasa, kuma wasunmu ne suka tara ta. A 2019 gwamnatin jiha ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar don ya binciki tushen matsalar, ya kuma miƙa rahotonsa a shekarar. Duk wanda ya zauna da dattawan ɓangarorin biyu ya san ba a yin wannan hira a tashi ba a ambaci burtali da makiyaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun juya dokar kai ƙasa. Abin da ya kamata a ɗauke cikin minti ɗaya, shi muke mayarwa dutse. Na yi shekaru ina aikin ofis, na ga fayil ɗin haƙƙin mamaci ya kwana wata takwas a kan teburi saboda sa hannu ɗaya, matar tana zuwa da goyo ana ce mata "ana kan aiki." Na ga kwalbati ta toshe da leda da yashi, abin da samari goma da shebur za su gama kafin azahar, an bar ta har ruwa ya cinye rabin hanya, sannan a zo ana neman kwangila. Waɗannan gorar roba ce. Ba doka ta hana a ɗauke su, ba kuɗi suke ci ba. Amma in ka yi magana sai a ce maka tsari ne, ba yadda za a yi. Iyaka kuwa, wadda aka ce kar a taɓa, filin makaranta, filin maƙabarta, hanyar ruwa, burtali, layin da aka ja aka ce daga nan kuɗin jama'a ne, ita ce kullum ake samun yadda za a yi.

Akwai kuma ta uku, wadda ta fi kama mutanen kirki, kuma ita ce ta gorar Alhaji. Ka taimaki mutum ka cire masa cikas na gaskiya, sai garin cirewa ƙwallonsa ta gangara wuri mai daɗi, kai kuma ka kau da kai. Na taɓa yi. Wani ɗan garinmu takardunsa suka maƙale saboda kuskuren rubuta suna, na bi na gyara, wannan haƙƙinsa ne. Amma da fayil ɗin ya dawo hannuna ban mayar da shi layinsa ba, na ɗora shi a sama. Mutum nawa na tsallake da shi? Ban ƙirga ba, don ban so in sani. Ya yi ta sa mini albarka, har gida ya zo godiya, ni ma na ji daɗi. Waɗanda aka tura baya ba su san sunana ba balle su yi Allah ya isa. A lissafin masu ƙwallon lambu na buga daga wurin da ba nawa ba, bugu biyu ne a kaina, kuma ni ya kamata in rubuta su a katina da hannuna.

Na san wani zai ce sai da ka je wasan Turawa ka gano wannan? A'a. Tun muna makarantar allo malamai suka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, suka kuma karantar da mu cewa akwai tsinuwa a kan wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa. Jan turke da farin turke ke nan, tun kafin a san da wani St Andrews. Abin da ya girgiza ni kawai shi ne na ga ana aiki da shi, a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙwallo ƙarama kamar ƙwan kaza, ba ɗan sanda, ba alƙali a kusa, kuma ƙarami ya faɗa wa babba, babba ya bi. Wani kuma zai ce ai masu wasan nan su ne dai manyan da suke tsige mana turaku a ofis ranar Litinin. Wannan ba ni da amsarta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai yiwuwa a fili suna bin doka ne saboda abokan wasa suna kallo, kuma wanda aka sani da maguɗi ba mai sake yarda ya yi wasa da shi. Mu kuwa wanda ya ci burtali ya tara hatsi, shi ake ba sahun gaba a ɗaurin aure.

Ga masu iko, roƙona bai da yawa. Duk wani shirin zaman lafiya da za a yi a jihar nan, a haɗa da fito da tsofaffin taswirorin burtali da makiyaya, a bi su da ƙafa tare da hakimai da ardo-ardo da manoma a duk inda tsaro ya bari, a sake kafa turaku, a fara da gonakin manya kafin a zo kan kunya biyar ta talaka. In aka fara da talaka, an kashe maganar tun ranar farko. Kuma a bar ƙofar nan da masu golf suka bari: wanda ya mayar da kansa cikin wa'adi, kar a tuhume shi, kar a kunyata shi.

Baffa ya tsufa yanzu, gonar tana hannun ƙannena, kuma shekara biyu ke nan ba a noma gefen burtalin ba saboda ba mai iya kaiwa can da rana tsaka balle da yamma. Na kira babban cikinsu daren jiya na ce masa duk ranar da Allah ya kawo sauƙi aka koma, aguwar nan za ta koma inda kakanmu ya dasa ta, buhun da za a rasa a cire daga rabona. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, to in mun matsa maƙwabta ba su matsa ba hwa?" Na ce masa ban sani ba, mu dai fara. Ya ce sai ya yi shawara da Baffa.

In akwai ɗan Magami ko Wanke ko Ɗansadau a nan da ya san inda tsofaffin turakun simintin nan suke har yanzu, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina son in rubuta su tun masu tunawa suna raye.